Rigar Alhaji a Kan Dutse

Malam Ja'afar ba ya zuwa shagona da safe. Mutumin la'asar ne, ya zo ya zauna a kan buhun ƙyallaye ya sha shayi ya yi min gulmar duniya. Ran Litinin ɗin nan kuwa tara ba ta yi ba na gan shi a bakin ƙofa, babu yadi a hannunsa, ya kuma ƙi zama.

"Ɗanjuma, ka ɗaura ɗamara," ya ce. "Akwai abin da ke tahowa kanka, kuma kafin Sallah zai iso."

Ni tela ne. Shagona shi ne falon gaba na gidanmu a Gorton, layi biyu daga kasuwa. Matata Raki ce ta zo Manchester karatu shekara goma sha shida da suka wuce, ni na biyo ta da aji uku na sakandare da sana'ar da na koya wurin kawuna a birnin Zariya, wato zanen babbar riga da ɗinkinta da hannu. Ba ni da wani mai kawo min aiki sai 'yan ƙungiyarmu ta 'yan Arewa. Bature ba ya sa babbar riga. A ranar saura sati uku Babbar Sallah, kantocina cike da shadda, kowace da sunan mai ita maƙale da allura.

Malam Ja'afar shi ne sakataren ƙungiya. Ya miƙo min wayarsa.

Zane ne baƙi da fari. Wani ƙaton mutum a tsaye, hula ta sauko ta rufe fuskarsa gaba ɗaya, ya ware hannuwa. Hannun rigarsa da cikinta duk an yanka su ƙananan ɗakuna kamar akurkin kaji, mutane cunkushe a ciki, ruwa yana ɗiga daga sama. A ƙasan zanen an rubuta sunan wadda ta yi: Umaima Ɗanjuma. 'Yata ce, ita kaɗai Allah ya ba mu, tana karatun zane a wata kwaleji a Birmingham. Kwalejin ce ta sa hoton a intanet don tallar baje kolin ɗalibai na ranar Asabar, wani kuma ya kwaso ya zuba a group ɗin ƙungiya.

Babu fuska, amma babu wanda zai tambayi ko waye. Rigar ce ta faɗa. Aska takwas ce mai tambari biyu, wadda na yi wata huɗu ina ɗinka wa shugabanmu, Alhaji Muhammad Awwal, kuma ita yake sawa duk wani babban taro. Kowa kuma ya san gidansa na Whalley Range, ƙaton gidan da aka raba ɗaki tara ake ba ɗalibai haya.

"Ga saƙon Alhaji," in ji Malam Ja'afar. "A sauke zanen kafin Asabar. Ran Lahadi ka kawo yarinyar taro ta durƙusa ta ba da haƙuri. In ba haka ba, kowa ya zo ya ɗauki yadinsa, a cire sunanka."

Na ƙara girman hoton da yatsa, ba don komai ba sai don in samu inda zan ajiye idona. A nan na ga abin.

"Malam, duba nan. Aljihun a dama yake."

"To sai me?"

"Ka taɓa ganin babbar riga mai aljihu a dama? Askar ma duk a dama take. Wannan ba rigata ba ce. Ba rigar kowa ba ce."

Ya karɓi wayar ya duba, ya shafa ƙirjinsa na hagu inda nasa aljihun yake, ya yi dariya. "Kai dai tela ne ko a bakin kabari." Ya fita waje ya kira Alhaji. Ina hango shi ta taga yana rusunawa wayar kamar Alhajin na gabansa. Da ya dawo fuskarsa ta saki.

"Allah ya rufa maka asiri. Ya ce ya yarda. Zanen ma ya zauna. Kai dai ka miƙe ran Lahadi ka ce ba ɗinkinka ba ne, ba shi aka zana ba. Ita kuma ta rubuto haka a sa a group. Abin da yake so ke nan, a samu abin faɗa wa mutane."

Da Raki ta dawo daga aiki na ba ta labari, har ina jin daɗin dabarata. Tana cire takalmi ta saurare ni har na gama.

"Abban Umaima, a waya ka ga zanen?"

"A wayar Malam Ja'afar."

"To ka je ka gan shi a takarda tukuna."

"Ke kin gani?"

"Tun watan jiya."

"Shi ne ba ki faɗa min ba?"

"Da na faɗa maka da yanzu likita na auna maka jini." Ta wuce kicin. Daga can ta ce, "Ka tafi mata da yaji, nata ya ƙare."

Ya kamata in faɗi abin da ke tsakanina da gidan nan na Whalley Range. Ran da muka sauka ƙasar nan, Alhaji Muhammad Awwal ne da kansa ya ɗauko mu daga airport. Shi ya ba mu ɗakin ƙasa a lokacin da babu wanda zai ba baƙo ɗaki sai da guarantor, wato mai tsaya masa. Bangon ɗakin ta wajen gado baƙi ne da fumfuna. Ka goge yau, jibi ta dawo. Umaima tana shekara uku ta fara tari, tarin ya zama asma. GP, wato likitan unguwa, ya rubuta mana takarda mu kai council, hukumar gari mai duba gidajen haya. A satin ne Alhaji ya kawo min ɗinkinsa na farko, ya kuma turo min abokansa. Na naɗe takardar na sa a durowar keken ɗinki. Shekara huɗu muka yi a ɗakin. Bayan mun tashi, duk baƙon da ya tambaye ni masauki, lambar Alhaji nake ba shi. Ta ƙarshe ita ce Hajar, ɗaliba daga Sakkwato mai jaririya a goye. Ɗakinmu na dā aka ba ta. Da hutun da ya wuce Raki da Umaima suka kai mata abinci, Umaima ta dawo ta shiga ɗaki ta rufe.

Ran Laraba na rufe shago na hau jirgin ƙasa na safe. Duk hanya ina tsara maganar da zan yi. Umaima ta tare ni a tasha, hannunta baƙi har gwiwar hannu. Sunan mahaifiyata aka sa mata, don haka ba na kiran sunan.

"Mamana, wannan hannun fa? Gawayi kike sayarwa?"

"Tawada ce, Abba. Ba ta fita da wuri." Ta karɓi ledar yajin ta leƙa. "Na san abin da ya kawo ka. Mu je studio, it's easier."

Muka shiga wurin aikin nasu. Ɗaki ne mai faɗi, da warin mai da sabulu, ga wasu manyan duwatsu masu lebur jere a kan tebura kamar dutsen niƙa da aka goge ya yi santsi. Wata dattijuwa mai farin gashi, Margaret, ita ke kula da wurin. Ta gaishe ni, ta ja min kujera, ta koma can nesa tana wanke wani abu.

Na faɗa wa Umaima komai: saƙon farko, da abin da na gano, da abin da Alhaji ya yarda da shi. Na ce layi biyu kawai za ta rubuta. Ba za a taɓa zanenta ba, ba za ta durƙusa wa kowa ba.

Na ɗauka za ta yi fushi, ko ta ji sauƙi. Sai na ga ta tsaya cak.

"Wait. Aljihun a hagu yake?"

"Kullum."

"Kullum kullum? Ko wasu suna sa shi a dama?"

"Mamana, tun kafin a haifi kakana."

Ta rufe fuska da baƙin hannunta. "Oh no." Ta yaye takardar da ta rufe wani dutse. Ga mutumin a kan dutsen, aljihu a hagu yadda ya kamata. Ta nuna min yadda abin yake: a kan dutse ake zane da wani alli mai maiƙo, a shafa tawada, a ɗora takarda a matse. Abin da ke hagu a dutse sai ya fito a dama a takarda. "Na san dutse na juya abu," ta ce. "Ban san riga tana da hagu da dama ba. Ba wanda ya taɓa faɗa min."

Wannan maganar ta soke ni. A ƙarƙashin teburin yankana ta yi rarrafe, amma ban taɓa zaunar da ita na ce ga aska, ga tambari ba. Ni dai burina ta yi karatun da ba za ta riƙe allura ba.

"Kuskuren nan shi ne ya cece mu," na ce. "Allah ne ya sa kika yi shi."

"Ba zan rubuta ba, Abba. Shi na zana."

"Kin san abin da zai same ni?"

"Na sani."

"Kin sani, kika yi?"

Ta ciro abin shaƙarta na asma daga aljihun wando ta shaƙa sau ɗaya ta mayar, ba don in gani ba, haka take yi in ranta ya ɓaci. Na kawar da kai. A bangon da ke gabana ta liƙa ƙananan hotuna na wasu tsofaffin zane: lauyoyi masu dogon hanci, talakawa a cunkushe cikin jirgin ƙasa, wata mata da ƙunshin wanki tana jan yarinya.

"Waɗannan kuma na waye? Shi ya koya miki wannan rashin kunyar?"

Ta ɗan yi murmushi. "Kusan haka. Sunansa Daumier, Bafaranshe ne. A kansa na rubuta essay ɗina na ƙarshe. Ya rasu kusan shekara ɗari da hamsin ke nan. Babansa mai sa gilashin taga ne."

"Ɗan mai sana'a ne ashe."

"Irin wannan dutsen ya yi aiki da shi. Yana saurayi ya zana sarkinsu a zaune da ƙaton ciki, ana loda masa dukiyar talakawa a baki ta kan wani dogon katako. Aka ɗaure shi wata shida."

"Madalla. Da ya fito ya yi hankali?"

"Ya koma kan dutse. Da aka yi dokar hana zana sarki, sai ya koma kan lauyoyi da masu gidajen haya. Zane kusan dubu huɗu."

"Ya ƙare da me?"

"Idonsa ya kusa mutuwa gaba ɗaya. Ba shi da wani abin kirki."

"Kin ji ko. Duk faɗin Faransa ba ki samu likita ko injiniya kin bi ba, sai makaho."

"Sarkin ma korar sa aka yi, Abba. A nan Ingila ya mutu."

Na ce ta nuna min takardar, tunda uwarta ta ce sai na gani. Ta zaro ta daga wata faffaɗar durowa ta shimfiɗa. Ta kai faɗin sallaya. Abin da ke waya ɗigo-ɗigo ne, a nan mutane ne. Ga mai karatu a kan gado da lema a buɗe a kansa. Ga mace tana shayarwa, bokiti a gefenta. Can ƙasa, ta ɓangaren hagu na rigar, ga wani ɗaki: ƙaramar yarinya a zaune a kan gado, bakinta a buɗe, hannunta a ƙirji. Kusa da ita mutum ne a kan keken ɗinki, ya ba ta baya. Ba a ganin fuskarsa. Kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu sauka, kamar yadda tawa take. Durowar keken a ɗan buɗe, gefen wata takarda ya leƙo.

"Wa ya faɗa miki zancen takardar?"

"Ba kowa. Ina neman almakashi na gan ta, ina shekara goma sha biyu. Har yanzu tana nan?"

Tana nan. Ban jefar ba, ban kai ba.

Na daɗe a zaune. Margaret ta kawo min shayi ta ajiye. Ina kallon yarinyar da ke kan gadon, sai idona ya riƙa komawa kan ɗinkin rigar, don idon tela ba ya hutawa. Ba juyewa kaɗai ta yi ba. Askar bakwai ce, ba takwas ba. Tambarin kuma ta yi shi kamar katantanwa, babu tsari. Na tuna wata huɗun da na yi a kan rigar nan, da dare da rana, har sai da na canza tabarau. Ran Lahadi zan miƙe gaban mutum arba'in, kowannensu sanye da ɗinkina, in ce ban san ta ba. In kuma sa wadda ke ɗauke da sunan uwata ta rubuta cewa ɗakin da ya lalata mata ƙirji ba ɗakin kowa ba ne.

"Ana iya gogewa?" na ce.

Fuskarta ta canza. "Abba, ba zan goge..."

"Ƙirjin rigar kawai. Wannan ba aska takwas ba ce, abin kunya ne. In za ki zagi mutum da ɗinkina, ki zage shi da ɗinkina daidai."

Ta dube ni, ta dubi Margaret, ta yi mata bayani da Turancinsu mai sauri. Margaret ta ce ana iya yi, amma aiki ne, kuma in hannu ya karkace babu dawowa. Suka ɗauko wani ɗan dutse mai kaushi suka kankare ƙirjin rigar a hankali har wurin ya yi fari, suka wanke da wani ruwa mai tsami, aka bar shi ya bushe. Umaima ta miƙo min allin. Laushinsa kamar sabulun wanka.

"Kar fatarka ta taɓa dutsen, ko ɗan yatsa. Maiƙon hannu ma yana fitowa a takarda." Ta gitta min wani katako in ɗora hannu. "Kuma sai ka zana shi a juye. Bari in kawo maka madubi."

"Bar madubinki."

Shekara talatin ina juya riga bai-bai ina ɗaure zare ta ciki. Ta ciki aska a juye take, tambari ma a juye yake nannaɗewa. Na san bayan rigar nan kamar yadda na san gabanta. Na yi bisimilla na fara daga wuya. Na ja askar farko, Umaima na tsaye a kaina. Daga ta biyu na manta da ita, na manta da Alhaji, na koma zauren kawuna da alƙalamin kara a hannu. Sai da na sauke ta takwas na ɗago, na ga ɗalibai uku sun kewaye mu suna kallo.

Saura abu ɗaya. Duk rigar da na ɗinka, a ƙarƙashin aljihu nakan sa wani ɗan ƙaramin dagi wanda bai kai ƙwayar wake ba. Shi ne sa hannuna, kuma duk mai rigata ya san da shi. Na tsaya da allin a sama.

"Abba, ba sai ka sa ba," in ji Umaima a hankali.

Na sa.

Ta ɗauko wani ruwa mai kauri ta shafe dutsen da shi. Warin ya daki hancina.

"Wannan ai ƙaro ne."

"Gum arabic."

"Ƙaro ne, Mamana. Da shi muke haɗa tawadar allo, da shi ake ɗaure hula. Wato Bafaranshen naki ma da kayanmu ya zagi sarkinsa."

Ta fassara wa Margaret, dattijuwar ta yi dariya har da riƙe tebur.

Dutsen sai ya kwana, don haka na kwana a ɗakin Umaima a Ladywood. Da safe ta jiƙa shi da soso, ta mirgina tawada, ta ɗora takarda, ta ce ni zan juya hannun injin. Na juya. Ta kama gefen takardar ta ɗaga a hankali. Aljihu a hagu, aska takwas cif, dagina a ƙasa, daidai saman kan mutumin da ya ba 'yarsa baya. Ta buga shida, ta naɗe min ɗaya.

Ran Asabar ni da Raki muka je baje kolin. Mutane suna tsayawa gaban zanen su daɗe, amma na tabbata babu ko ɗaya cikinsu da ya san bambancin aljihun hagu da na dama.

Ran Lahadi bayan azahar aka yi taro a zauren da ƙungiya ke haya. Alhaji na zaune a gaba, cikin wata farar kaftani mara aiki. Na je na durƙusa na gaishe shi kamar yadda na saba, don babba ne. Malam Ja'afar ya miƙe ya ce an samu rashin fahimta, kuma Ɗanjuma zai yi bayani a matsayinsa na masanin riga.

Na miƙe. Na warware takardar na ɗaga ta sama.

"Jama'a, ran Litinin na ce wa Malam Ja'afar wannan ba ɗinkina ba ne, saboda aljihun yana dama. Kuskuren yarinya ne, kuma laifina ne da ban koya mata ba. Na je na gyara da hannuna. Ga shi a hagu. Wanda yake shakka ya ɗaga aljihunsa ya duba ƙasa, ya zo ya duba nan."

Wallahi sai da mutum biyu suka duba. Malam Ja'afar ya zauna a hankali yana kallon tafin hannunsa.

Alhaji bai ɗaga murya ba. "Ɗanjuma, wa ya ɗauko ka daga airport?"

"Kai ne, ranka ya daɗe."

"Wa ya ba ka ɗaki ran da kake yawo da mace da goyo babu mai kallonka?"

"Kai ne. Allah ya saka da alheri, ban manta ba. Bangon ma ban manta ba. Na ƙasa, ta wajen gado. An yi masa fenti, yana nan yadda yake, kuma akwai jaririya a ɗakin. Ni na tura uwarta can."

"To in council suka rufe gidan, mutanen ɗaki tara a shagonka za su kwana?"

Tambayar gaskiya ce. Na ce, "Ban ce a rufe ba. A gyara bango."

"Ina yarinyar?"

"Tana makaranta. Sunan mahaifiyata gare ta, kuma ba ta yi ƙarya ba. Ba za ta durƙusa ba. In akwai wanda za a bai wa haƙuri, ita ce, kuma na ba ta."

Wani daga baya ya ce butulci ne. Wani ya ce a bar shi ya gama. Na riga na gama. Na naɗe takardata, na yi sallama, ƙalilan suka amsa. Kafin in kai tashar bas wayata ta nuna an cire ni daga group.

Tun ran Litinin aka fara zuwa ɗaukar yadi. Wasu suka aiko, wasu suka zo da kansu suna kallon ƙasa. Na ba kowa nasa da takardar awonsa, don kada wani telan ya wahala. Imran, mai tuƙin tasi, ya karɓi nasa ya kai ƙofa, ya dawo ya rage murya.

"Baba tela, zanen nan, akwai saura? Matata ce ke tambaya. A ɗaki na shida muka zauna a gidan Alhaji."

Na ce zan tambayi mai shi. Yadinsa dai ya tafi da shi.

Na liƙa takardar a bangon shago, inda duk wanda ya shigo zai gani. Raki ta ce ya ɗan karkace, na ce a bar shi haka. Na fito da tsohuwar takardar GP daga durowa, na kai wa Hajar ta gani, na ce in ta shirya zuwa council zan raka ta, in kuma ta fi son neman wani ɗaki za mu taya ta. Ta ce tana tsoro, za ta yi tunani. Ban matsa mata ba. Ni shekara goma sha biyar na yi ina tunanin.

Yau saura kwana goma Sallah. Shadda ɗaya ta rage a kanta, ruwan toka, da sunan Malam Ja'afar a jiki. Bai zo ya ɗauka ba, bai aiko ba, ba ya ɗaga wayata. Hajar ba ta kira ba tukuna, kuma babu wanda ya ce min an taɓa bangon. Ban sani ba ko in yanka shaddar nan ko in bar ta a naɗe, kuma ban sani ba ko akwai wanda zai sake kawo min ɗinki a garin nan.